Faifai Ko Ƙwallo: Yadda Masu Cewa Duniya A Shimfiɗe Take Suke Amsa Hujjojin Kimiyya

A gabashin Ingila akwai wata magudanar ruwa da mutane suka haƙa, mai suna Old Bedford, wadda wani sashe nata ya miƙe sambal har tsawon mil 6 babu kwana. A shekarar 1838 wani mutum mai suna Samuel Rowbotham ya shiga cikin ruwan, ya riƙe madubin hangen nesa kimanin inci 8 bisa fuskar ruwa, sannan ya sa aka tuƙa kwale-kwale mai ɗauke da tuta yana nisantarsa. A lissafinsa, da duniya ƙwallo ce, da kafin kwale-kwalen ya cika mil 6 doron ruwan ya shanye shi har da tutarsa, amma ya ce bai daina ganinsa ba har ƙarshen tafiyar. Ya wallafa ra'ayinsa cewa duniya a shimfiɗe take a wata ƙasida a 1849, daga baya ya faɗaɗa ta zuwa littafi a 1865 da sunan aro na Parallax. Mafi yawan hujjojin da ake yawo da su yau a YouTube da TikTok jikokin wannan littafi ne, kaya kawai aka sauya musu.

Ba na cikin masu ganin cewa dariya ce ta dace da waɗannan mutane. Yawancinmu da muka yi makaranta faɗa mana aka yi cewa duniya dunƙulalliya ce, muka haddace, muka ci jarrabawa, ba tare da an nuna mana yadda aka gano hakan ba. Shi ya sa idan wani ya tare mai digiri ya tambaye shi dalilin da ya sa ruwan teku ba ya zubewa daga jikin ƙwallo, ko me ya sa ba ma jin duniya tana juyawa, sau da yawa sai ka ga ya kama inda-inda, daga nan ya koma zagi. Taken masu wannan ra'ayi shi ne kada ka yarda da abin da aka gaya maka, ka gwada da kanka, wato dai gani ya kori ji, kuma wannan take ne mai kyau wanda ita kanta kimiyya a kansa ta ginu. Inda matsalar take shi ne abin da suke yi bayan gwajin ya ba da sakamako, da kuma yadda amsar da suke bayarwa ga wata tambaya take rushe amsar da suka bayar ga wata.

Siffar da mafi yawansu suka yarda da ita ita ce duniya kamar faifai take. Maƙurar arewa tana tsakiya, nahiyoyi sun kewaye ta, Antatika kuma ba nahiya ba ce, katangar ƙanƙara ce da ta zagaye gefen faifan ta tare ruwan teku. Rana da wata ƙanana ne, faɗin kowannensu mil 32, suna shawagi a tsayin kimanin mil 3,000, suna kewaya bisa faifan kamar fitilar da ke haska wuri ɗaya ta bar sauran cikin duhu. Da yawa suna ƙarawa da cewa akwai ƙubba da ta rufe komai kamar ƙwarya a kife. Taswirar da suka fi nunawa ita ce wadda Alexander Gleason ya buga a Amurka a 1892, kuma sukan yi nuni da cewa irinta ce a tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya, alhali wannan salon zane tsohuwar dabara ce ta masu taswira ta baje ƙwallo a kan takarda, kuma su masu taswirar sun san cewa yana miƙe kudancin duniya fiye da kima.

Tsohuwar hujjar da kowa ya sani ita ce ta jirgin ruwa, wanda idan yana nisa gindinsa ne yake fara ɓacewa kafin samansa. Amsarsu ita ce wannan gazawar ido ce kawai, domin idan ka ɗauko kyamara mai jawo nesa kusa, irin Nikon P900 da suka mayar tamkar makaminsu, jirgin zai dawo gaba ɗayansa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma shi ya sa hujjar take kama mutane. Ƙaramin jirgin da bai kai ga tsallake iyakar gani ba yana iya ɓace wa ido saboda ƙanƙantarsa, kyamara kuma ta dawo da shi. Amma babban jirgin da ya riga ya tsallake, duk yadda ka jawo shi, abin da za ka samu shi ne rabin jirgi da ya ƙara girma a hoto, gindinsa na nan a ɓoye bayan ruwa. Hatta hotunan birnin Chicago da ake ɗauka daga ɗaya gaɓar tafkin Michigan, daga nisan da ya haura kilomita 80, waɗanda suke yaɗawa a matsayin shaida, idan ka lura za ka ga a mafi yawan ranaku kawunan dogayen gine-gine ne suke fitowa, ƙananan benaye da gaɓar tafkin babu su. A kan shimfiɗaɗɗen wuri babu dalilin da zai sa ƙasan abu kaɗai ya riƙa ɓacewa.

Suna da wani lissafi da suka gada daga Rowbotham: a ninka adadin mil da kansa, sannan a ninka da inci 8, abin da ya fito shi ne yadda ya kamata abu ya nutse. Lissafin ba ƙarya ba ne a gajeren zango, sai dai yana auna abin da mutumin da ya kwantar da idonsa a fuskar ruwa zai gani, bai san da tsayin mai kallo ba. Mutumin da ke tsaye a bakin teku iyakar ganinsa ba ta kai kilomita 5 ba, amma in ya hau tudu mai tsayin mita 100 sai ta kai wajen kilomita 36. Sannan lissafin ya manta da iska. Haske ba ya tafiya a miƙe idan ya ratsa iska mai bambancin zafi, kuma duk wanda ya taɓa ganin kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana ya ga wannan da idonsa. A bisa ruwa mai sanyi abin yakan juya, iskar da ke dab da ruwan ta fi ta sama sanyi da kauri, sai hasken ya lanƙwaso ƙasa yana bin doron duniya, ya kawo maka abin da ya kamata ya ɓoye. Inci 8 bisa ruwa, inda Rowbotham ya riƙe madubinsa, shi ne wurin da wannan lanƙwasa ta fi tsanani.

An gwada wannan tun a zamaninsa. A 1870 wani almajirinsa mai suna John Hampden ya ajiye fam 500 ga duk wanda zai nuna doron ruwa, sai masanin halittu Alfred Russel Wallace, wanda ya taɓa yin aikin safiyo, ya karɓi ƙalubalen. Wallace ya koma magudanar nan ta Old Bedford, amma ya ɗaga ma'auninsa zuwa kimanin ƙafa 13 bisa ruwa domin ya rage tasirin iskar ƙasa. Ya kafa alamomi uku masu tsayi ɗaya, biyu a ƙarshe da ƙarshe, ɗaya a tsakiya, kuma da aka duba ta madubi sai alamar tsakiya ta fito sama da ta can ƙarshe, kamar yadda za ta yi idan ruwan yana da doro. Alƙalin gasar, John Henry Walsh, editan mujallar The Field, ya ba Wallace nasara. Hampden bai yarda ba, ya shafe shekaru yana bin Wallace da wasiƙun zagi da barazana har ta kai shi gidan yari, ko da yake daga baya kotu ta sa an mayar masa da kuɗinsa saboda dokar caca. Wannan labari ya zama kamar zubin duk abin da ya biyo baya: a yarda da gwaji tun farko, a ga sakamako, sannan a ce gwajin ne bai inganta ba.

A kan rana ne nake ganin ra'ayin ya fi shiga tsaka mai wuya. Kimanin shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Eratosthenes ya lura cewa a ranar da rana ke tsayawa cak bisa Aswan ta Masar, sanda a Iskandariyya tana yin inuwa mai karkatar kimanin digiri 7, kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, daga nan ya lissafa kewayen duniya. Masu ra'ayin faifai suna cewa ba sai duniya ta zama ƙwallo za a sami wannan bambanci ba, ƙaramar rana da ke kusa ma za ta ba da shi, kamar yadda fitilar ɗaki ke ba wa abubuwa biyu inuwa daban-daban. A nan sun yi gaskiya, kuma ya kamata a ba su ita: da garuruwa biyu kaɗai ba za a iya raba gardamar ba. Amma a ƙara gari na uku a gani. A wajen 20 ga Maris, lokacin da rana ke bisa layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, mutumin Kano da ke digiri 12 arewa zai ga ranar tsaka a tsayin digiri 78, kuma idan ƙasa a shimfiɗe take lissafinsa zai ba shi cewa tana nisan kilomita 6,300 a sama. Mutumin Turin ta Italiya, a digiri 45, zai sami kilomita 5,000, wanda daga irin wannan awon ne adadinsu na mil 3,000 yake fitowa. Mutumin Oslo ta Norway, a wajen digiri 60, zai sami ƙasa da kilomita 3,900. Rana ɗaya ba za ta kasance a tsayi uku a yini ɗaya ba. Idan kuwa aka ɗauka ƙasar ce ke da doro, ranar kuma tana da nisa ƙwarai, sai alƙaluman uku su daidaita babu saura.

Faɗuwar rana ta fi wannan ma wuyar sha'ani. Fitilar da ke tafiya a tsayi ɗaya bisa shimfiɗaɗɗen fili ba ta taɓa taɓa ƙasa, sai dai ta yi ta ƙanƙancewa har ta ɓace. A kan taswirarsu, mutumin da ke kan ikwaita a lokacin da yake ganin rana tana faɗuwa, ranar tana nisan kimanin kilomita 14,000 daga gare shi, kuma a tsayin da suka ba ta ya kamata ta kasance kusan digiri 19 bisa iyakar gani, wato kamar ranar la'asar sakaliya. Sukan amsa da cewa haka nisa yake yi wa ido, kamar yadda turakun lantarki ke haɗewa da ƙasa idan ka hango su a layi. To amma turakun ƙanƙancewa suke yi, ita kuwa rana, idan aka ɗauki hotonta da gilashin da ke tare ƙyallinta, faɗinta kimanin rabin digiri ne da hantsi, haka da azahar, haka dab da magariba, kuma ƙasanta ne ke fara yankewa. Idan aka matsa musu a nan sai su ce iska ko ƙubba ce take lanƙwasa haske ta kuma ƙara wa ranar girma daidai gwargwadon yadda nisa ya rage ta. Wannan ne abin da ya fi damuna a dukan muhawarar. Mutanen da suka ƙi yarda cewa iska na iya lanƙwasa haske da 'yan ƙafafu a magudanar Bedford, suna kiran hakan kame-kamen masana, su ne kuma suke buƙatar iskar ta sauko da rana digiri 19 kowace yamma, ba tare da sun kawo awo ko lissafi ba.

Husufin wata, wanda Aristotle ya kafa hujja da shi tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa saboda inuwar duniya kullum da'ira take fitowa, suna jingina shi ga wani baƙin abu da ba a gani wanda ke gilmawa. Ba wanda ya taɓa hango abin nan yana tare ko tauraro ɗaya, kuma ba su taɓa amfani da shi sun faɗi ranar husufi mai zuwa ba, alhali masana taurari suna faɗin minti da garin da za a gani shekaru kafin lokacin.

Game da ƙarfin da ke jan abubuwa ƙasa, sun rabu biyu. Mafi rinjaye suna cewa babu wani ƙarfi, dutse yana faɗuwa ne domin ya fi iska nauyi, gora kuma tana tasowa domin ta fi ruwa sauƙi. Sai dai wannan bai faɗi dalilin da ya sa ƙasa ce alƙiblar faɗuwar ba, tunda iskar da ke gefen dutsen da wadda ke samansa duk sun fi shi sauƙi, kuma bai bayyana yadda gashin tsuntsu da ƙarfe suke faɗuwa tare a cikin bututun da aka zuƙe wa iska ba. Ɗaya ɓangaren yana cewa faifan ne ke hawa sama da sauri mai ƙaruwa, mu kuma muna jin hakan a matsayin nauyi. Da haka ne, da awon zai zama ɗaya ko'ina, amma saurin faɗuwa yana ƙaruwa da mita 9.78 a kowace daƙiƙa a kan ikwaita, a maƙurar arewa da ta kudu kuma 9.83, kuma faifan da gefensa da tsakiyarsa ke hawa da sauri daban-daban tuni ya tsage. Tun 1798 Henry Cavendish ya auna yadda dunƙulen dalma ke jan ɗan'uwansa a cikin ɗaki, kuma ɗaliban jami'a suna maimaita gwajin har yau. Haka tambayarsu ta yadda iska za ta zauna dab da sararin da babu komai ba tare da murfi ba, amsarta tana wurin masu hawan dutse: iska raguwa take yi sannu a hankali, a ƙolin Everest kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na ta bakin teku ya rage, wanda ba haka iskar da aka kulle cikin tulu take yi ba.

Suna yawan ambaton cewa an ce duniya tana gudun kilomita 1,670 a awa a kan ikwaita, su ce ina aka taɓa yin irin wannan gudu ba a ji ba. Jiki ba ya jin gudu, sauyin gudu yake ji, shi ya sa ake zuba shayi a cikin jirgin sama mai tafiyar kilomita 900 a awa ba ya zubewa. Juyi ɗaya cikin awa 24 kuwa rabin saurin gajeren hannun agogo ne. Duk da haka ana iya auna shi, kuma Léon Foucault ya nuna wa jama'a hakan a Paris a 1851 da dunƙulen ƙarfe mai lilo a doguwar waya, wanda layin lilonsa yake karkata kimanin digiri 11 a awa a can, ba ya karkata a kan ikwaita, a kudancin duniya kuma ya karkata ta ɗaya hannun.

Kudancin duniya shi ne inda taswirar faifai ta yage gaba ɗaya, kuma ina ganin ba banza ba ra'ayin ya yi tsiro a Ingila da Amurka, inda kurakuran taswirar ba sa fitowa fili sosai. Tsakanin Sidni ta Ostireliya da Santiyago ta Cile kimanin kilomita 11,300 ne, jirage kuma suna yin tafiyar kai tsaye cikin awa 12 zuwa 15. A kan taswirar Gleason nisan ya haura kilomita 25,000, wanda jirgin fasinja zai buƙaci fiye da yini guda cur kafin ya cinye. Wasu sun ce jiragen babu su, har sai da mutane suka hau suka ɗauki tafiyar a bidiyo. Wasu suka ce iska mai ƙarfi ce ke tura su, amma iskar da ta tura mai tafiya ita za ta tare mai dawowa. Taurari ma haka. Tauraron arewa yana tsayin digiri 12 a Kano, wajen 17 a Agadas, yana sauka yayin da kake yin kudu har ya ɓace bayan ikwaita. A can kuma taurari suna kewaya wata cibiya ta daban ta kudu, kuma mutumin Afirka ta Kudu da na Ostireliya da na Cile duk kudu suke fuskanta su gan ta, alhali a kan faifai kudun kowannensu wata fuska ce daban, bayansu suke ba wa juna. Idan aka kawo wannan, amsar da aka fi ji ita ce ai taswirar ba ta kammalu ba tukuna. Shekara fiye da 180 bayan Rowbotham, babu taswira ɗaya ta faifai da matuƙin jirgi zai iya tafiya da ita.

Abin da ke riƙe ginin idan duk waɗannan sun gaza shi ne zargin maƙarƙashiya. Samuel Shenton, wanda ya kafa ƙungiyarsu a Dover a 1956, da aka nuna masa hotunan duniya daga sararin samaniya cewa ya yi irin hoton nan yana iya ruɗar idon da bai ƙware ba. Magadansa na yau suna cewa hukumar NASA, mai kula da harkokin sararin samaniya ta Amurka, a kwamfuta take haɗa hotunan, kuma suna da misali na gaske: hoton duniya da hukumar ta fitar a 2002 haɗe-haɗen ƙananan hotuna ne, har ana iya ganin gajimaren da aka maimaita, kuma hukumar ba ta ɓoye hakan ba. Amma hoton da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka ɗauka ranar 7 ga Disamba 1972 ɗauka ɗaya ce, tauraron Himawari na Japan yana aiko cikakken hoton duniya kowane minti 10, Rasha da Sin da Indiya kuma kowace tana da nata. Ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, waɗanda kowace za ta so ta tona asirin 'yar'uwarta, sai a ce sun haɗa baki na shekaru da dama tare da matuƙa jirage da masu safiyo da injiniyoyin sadarwa. Yarjejeniyar Antatika ta 1959, wadda suke cewa an yi ta ne don a hana mutane ganin katangar, hana ayyukan soja ta yi, kuma tun 1958 tawagar Vivian Fuchs ta ratsa nahiyar daga gaɓa zuwa gaɓa ta tsakiyarta.

Akwai kuma fuskar addini, wadda ba ta buƙatar a yi mata garaje. A Amurka da yawansu Kiristoci ne masu ɗaukar zancen sarari a Littafin Farawa da kusurwoyi huɗu na duniya a zahirinsa, kamar Wilbur Glenn Voliva wanda ya sa ake koyar da haka a makarantun garin Zion na jihar Illinois. A cikin Musulmi akan kawo aya ta 20 ta Suratul Gashiya da ke zancen yadda aka shimfiɗa ƙasa, kuma gaskiya ne Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu da azumi, ya fahimci zahirinta a kan shimfiɗa, tare da cewa ɗaya ra'ayin bai rushe wani rukuni na shari'a ba. Mohammed Yusuf ma, jagoran Boko Haram na lokacin, a hirarsa da BBC a 2009, ya lissafa dunƙulewar duniya cikin abubuwan boko da ya ce za su ƙi idan sun saɓa wa addini. Amma Ibn Hazm, wanda ya rasu a 1064, ya tabbatar da dunƙulewarta yana kafa hujja da aya ta 5 ta Suratuz Zumar da ke zancen naɗa dare a kan yini, Fakhruddin Razi kuma ya yi bayanin cewa ƙwallon da ya kai wannan girma kowane sashensa shimfiɗa ne ga wanda ke kansa. A aikace ma, Halifa Ma'amun ya aika masana filin Sinjar wajen shekarar 830 suka auna tsawon digiri ɗaya na doron ƙasa, Biruni kuma ya lissafa girman duniya daga kan wani dutse a Nandana ta ƙasar Pakistan ta yau. Lissafin alƙibla da na lokutan salla da muke dogaro da su a kan ƙwallo aka gina su, don haka mai cewa wannan ilmi shigo-shigon Turawa ne bai yi wa magabatansa adalci ba.

Farfaɗowar ra'ayin a wannan zamani ta faro ne wajen 2015 da bidiyoyin YouTube, aka kuma yi babban taronsu na farko a Raleigh ta Amurka a 2017. Mai bincike Asheley Landrum ta jami'ar Texas Tech ta tattauna da mutum 30 daga masu halartar tarukan, duka in ban da ɗaya suka ce YouTube ne ya kawo su, galibi bayan sun fara da bidiyoyin wasu zarge-zargen daban. A fim ɗin Behind the Curve na 2018 an ga Bob Knodel, ɗaya daga cikin masu ra'ayin faifai, yana ba da labarin na'urar auna juyi ta dala 20,000 da suka samo domin su tabbatar duniya a tsaye take. Na'urar ta nuna karkatar digiri 15 a awa, wanda in ka ninka da 24 zai ba ka 360 cif. Ya faɗa da bakinsa cewa ba su shirya karɓar wannan ba, suka shiga neman yadda za su kare na'urar daga abin da suka kira tasirin sama. Wannan yana ba ni takaici na gaske, domin mutane ne da suka kashe kuɗinsu, suka tsara gwaji mai kyau, suka sami amsa daidai, sannan suka juya mata baya.

Gwajin da ya fi kowanne kusa da raba gardama an yi shi a Disamba 2024. A kan faifai, rana tana kewaya cikin da'irar katangar ƙanƙara, saboda haka ba zai yiwu wanda ke Antatika ya gan ta awa 24 tana zagaya shi ba, kuma manyan masu ra'ayin sun sha faɗin cewa babu irin wannan rana a kudu. Wani fasto daga jihar Colorado mai suna Will Duffy ya shirya tafiya, ya ɗauki mutane daga ɓangarorin biyu zuwa sansanin Union Glacier, kusan digiri 80 kudu, suka kafa kyamarori suna watsawa kai tsaye. Ranar ba ta faɗi ba. Jeran Campanella, ɗaya daga cikin sanannun masu yaɗa ra'ayin, ya tsaya gaban kyamara ya ce ya yi kuskure a kan wannan, kuma na girmama shi a kan haka, domin ya san abin da zai biyo baya. Wani abokin tafiyarsa, Austin Whitsitt, ya amsa cewa ya ga ranar, amma ya ce hakan bai isa ya tabbatar da ƙwallo ba. Da yawa daga waɗanda suka zauna a gida kuwa cewa suka yi a ɗakin shirya fim aka ɗauki komai, suka shiga bincikar inuwoyi da tururin numfashi a bidiyon, suka kuma zargi Campanella da cewa saye shi aka yi.